Tumbin ofis: laifin ma'aikaci ne ko laifin aikin?

Duk sanda aka tada zancen kiba da tumbi a tsakanin masu aikin zama amsar da zakaji guda daya ce, wai son jiki ne, wai mutum ya daure ya tashi da sassafe yaje yayi gudu ya rage ci shikenan magana ta kare. Masu fadin hakan da yawansu ko dai aikinsu na yawo ne ko kuma Allah ya basu irin jikin nan da ko me suka zuba masa baya nunawa. Ni kam ban gamsu da wannan amsar ba, don ta kwashe kaya duka ta dora a kan mutum daya ta bar wanda ya tsara aikin a gefe kamar ba ruwansa. Mutumin da aka ce ya zauna gaban kwamfuta awa 8 ko 9, in ya mike sau biyu a fara binsa da kallo ana cewa baya zama a kujerarsa, sannan ya kwashe wata awa daya ko biyu a zaune cikin mota zuwa da dawowa, ya isa gida kwakwalwa ta gaji likis amma jiki ko gumi bai yi ba, shine kuma za'a ce masa malalaci? Haba jama'a.

Maganar nan fa ta dade. Tun 1953 wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya fitar da bincikensa a kan ma'aikatan bas din nan mai hawa biyu. Mutum biyu ne a mota daya, hanya daya, awanni daya, amma direba yana zaune wuni guda shi kuma kwandasta yana hawa sama yana saukowa yana yankar tikiti, matakala daruruwa a rana. Da aka duba sai aka ga kwandastoci basu kai direbobi kamuwa da ciwon zuciya ba, in ma ya kamasu baya zuwa musu da tsanani kamar na direbobi. Ya koma gidan waya ya sake gwadawa, masu kai wasiku a kafa ko a keke da kuma masu zama a kanta da masu hada layin tarho, sakamakon bai canja ba. Mutane suka ce ai dama masu kiba ne ke zabar tuki shiyasa, sai ya bi ma'aunin kugun wandon yunifom da kamfanin yake raba musu, ya tarar eh direbobi sun fi kiba, amma kwandasta ko siriri ne ko mai teba ne yana samun wannan kariyar. To abin da nake so a lura da shi anan, kwandastan nan ba wanda ya masa lakca a kan lafiya, bai yanki kati a wajen motsa jiki ba, bai fi direba tarbiyya ko jajircewa ba. Aikinsa ne kawai yake motsa shi, shi kuma direba aikinsa ya daure shi a kujera.

Abin da ya faru daga baya shine aikin kwandasta ya rika bacewa na direba yana yaduwa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya nuna a Amurka wajen 1960 kusan rabin ayyukan kamfanoni suna bukatar mutum ya motsa jiki dai dai gwargwado, shekara 50 bayan nan abin ya koma kasa da kashi 20 cikin dari, kuma abin da ma'aikaci yake konawa a wajen aiki ya ragu da sama da kalori 100 a rana, kalori shine ma'aunin kuzarin da jiki yake samu daga abinci yake kuma konawa. Kalori 100 ba wani abu bane a rana daya amma ka jera shi shekara goma kaga. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da teba, manya biliyan 2.5 nauyinsu ya wuce kima, sannan kashi 31 na manya basa motsa jiki yadda ake bukata. Wai duk wadannan rana daya suka hada baki suka zama malalata? Ni dai inaga yanayin neman abinci ne ya canja, mutane suna nan yadda suke.

Amma akwai wata gaskiya da masu tallar motsa jiki basa son fada, kuma rashin fadinta shi yake karya wa mutane gwiwa. Motsin da zakayi a ofis bazai sauke maka kiba sosai ba. Lissafin a fili yake, kilo daya na kitse yana dauke da kalori wajen 7,700. Tafiyar minti 30 da dan sauri ga mai matsakaicin jiki bata wuce kalori 120 zuwa 150, lemon gwangwani guda daya mai suga yana da kusan 140, wato kafin ka gama goge baki ka mayar da abin da ka kona. Tebur din nan mai dagawa da ake aiki a tsaye wanda aka yi ta yayinsa kamar shine maganin tumbi, da aka tattara bincike a 2018 sai aka ga tsayuwa ta fi zama da kalori 0.15 ne kacal a minti daya, mutum mai kilo 65 in ya tsaya awa 6 ya samu rarar kalori 54, biskit daya ko biyu kenan. Awa shida a tsaye fa, kafa ta kumbura, baya ya rike.

Kuma jikin dan adam yana da wayo, baya yarda a kwace masa ajiyarsa cikin sauki. Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta ne masu wuni suna tafiya a daji, kowa yayi zaton zasu ninka ma'aikacin ofis wajen kona kalori, sai sakamakon 2012 ya nuna in aka yi la'akari da girman jiki kusan daya suke da mutanen Turai da Amurka. Har yanzu masana suna ja-in-ja a kan iya yadda jiki yake rage kashe kuzari a wani waje in ka kara motsi, amma kowa yasan dayan bangaren, ranar da kayi motsa jiki yunwa tafi cinka, sannan zuciya tana raya maka ai yau ka wahala ka cancanci kari.

To me yasa nake ta hakilon a tashi daga kujera in dai ba zai rage kiba ba? Don abu biyu ne aka cakuda, rage nauyi daban, illar zama daban, kuma cakuda su ne yake sa mutum ya fara tattaki da karfinsa, bayan wata daya ya hau sikeli yaga allura bata motsa ba yace ashe aikin banza nake ya watsar. Wallahi wannan shine asarar da tafi bani takaici, don mutumin ya riga ya fara samun riba bai sani ba, sikeli ne kawai baya iya gwada ta. Manyan tsokokin jiki suna cinya da duwawu da sha-raba, in kana zaune kusan a kashe suke, sugan da ya shiga jini bayan cin abinci sai ya rasa mai daukarsa ya dade yana yawo, jiki ya yi ta turo insulin, sinadarin da yake kwashe suga daga jini, yana kari. Da ka mike ka fara taku tsokar nan take fara zukar suga daga jini. A Melbourne ta Ostareliya a 2012 an dauki masu kiba aka sa su zama na awanni, wani lokacin a barsu zaune cak, wani lokacin su tashi su yi tafiyar minti 2 duk bayan minti 20, tafiya ce a hankali ba gudu ba, sai hawan suga bayan cin abinci ya ragu da kusan kashi daya bisa hudu. A jami'ar Columbia ta Amurka a 2023 sun gwada tafiyar minti 5 duk rabin awa, suga ya sauka sosai, awon jini ma ya sauka da maki 4 zuwa 5. Mutanen da aka gwada basu da yawa, 11 ne, amma bakin binciken daya da na wadanda suka gabace shi. Ciwon suga da hawan jini sune suke kwantar da ma'aikaci, basa jira sai tumbi ya fito, siririn da yake wuni a zaune shima yana layi.

Wani zaice to ai sai in hada duka inyi da yamma a jim. Eh yana aiki, amma ka san lokacin da zai ci maka? Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2016 wanda ya hada bayanan mutum sama da miliyan daya ya nuna mai zaman awa 8 a rana yana bukatar motsa jiki na minti 60 zuwa 75 kullum kafin ya goge karin hadarin mutuwa da zaman yake jawowa. Kullum fa. Uwa mai aiki da zata dawo ta tarar da yara da girki da wanki, ko magidancin da yake hada aiki biyu, ina zasu samo awa guda da kwata? Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 tafi sauki, minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, da kwana biyu na aikin karfafa tsoka, kuma sun cire tsohon sharadin nan na cewa sai motsi ya kai minti 10 a jere kafin a lissafa shi, yanzu ko minti biyu kayi ya shiga lissafi. Wannan gyaran ma'aikacin ofis yafi kowa amfana dashi amma kadan ne suka sani. Haka taku 10,000 da agogon hannu yake tsorata mutane dashi, asalinsa tallar wata na'urar kirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965, ba likita ne ya yanke ba. Binciken I-Min Lee ta Harvard a 2019 a kan mata tsofaffi ya nuna masu taku 4,400 sun fi masu 2,700 tsawon rai sosai, kuma ribar tana karuwa har wajen 7,500 sannan ta daidaita. Wanda yake yin 3,000 in ya koma 6,000 yayi babban aiki, ko agogonsa ya tafa masa ko bai tafa ba.

Kar kuma a dauka nace motsi bashi da hannu a nauyi kwata kwata. James Levine, lokacin yana asibitin Mayo na Amurka, ya dinka wa mutane na'urar auna motsi a kayan ciki, 10 sirara 10 masu dan kiba, duka ba masu zuwa motsa jiki bane, a 2005 ya fitar da cewa masu kiban suna zama sama da awa 2 fiye da siraran a kowace rana, bambancin ya kai wajen kalori 350. Ba tsayuwa cak ba, kai-komo ne, tashi dauko wannan, leka can, magana a waya ana zagaye. Irin wannan motsin baya narkar da kilo 10 da ka riga ka tara amma yana hana kilo daya dayan nan da yake lallabowa duk shekara har ka wayi gari wando baya rufuwa, kuma wanda ya riga ya rage shi yake taimaka masa kar ta dawo. Hausawa sun dade da fada, zama wuri daya tsautsayi inji kifi.

Ita kanta kibar, a baki ake rage ta, kuma anan ma aikin yana da hannu dumu dumu. Yawancin cin da ake yi a kan tebur ba yunwa bace, gundura ce da gajiya da bacin ran wani imel. Ido na kan allo hannu na cikin leda, ka cinye baka ma san ka ci ba, bayan awa daya ciki yana tambayarka abinci don kwakwalwa bata yi rajistar na farko ba. Shayi kofi uku ko hudu a wuni kowanne da suga cokali biyu uku, lemo a mitin, kek din wani da yayi karin girma, ba wanda yake lissafa wadannan a matsayin abinci amma jiki yana lissafawa. Kevin Hall, lokacin yana cibiyar lafiya ta Amurka, ya kwantar da mutum 20 a 2019, sati biyu suna cin abincin kamfani irin na leda da gwangwani, sati biyu suna cin wanda ba'a sarrafa shi sosai ba, an barsu su ci iya son ransu, a satin abincin leda suna cin karin kalori wajen 500 a rana ba tare da sun ji sun fi koshi ba, suka kara kusan kilo daya, a dayan suka sauke kusan kilo daya. Yanzu ka duba meye yafi saukin samu a kusa da ma'aikacin da aka ba minti 15 ya ci abinci, ko wanda ma ba'a bashi ba sai dai ya saci jiki. Irin na ledan ne mana. Wasu kuma su ki cin komai tun safe wai suna rage kiba, karfe tara na dare su zauna su rama har da riba sannan su kwanta a kai.

Sai bacci, wanda shi ba'a ma kawo shi cikin zancen. A jami'ar Chicago a 2022 an dauki masu kiba 80 da basa samun baccin awa 6 da rabi, aka taimaka wa rabinsu suka kara baccin awa daya da yan mintuna, ba'a ce musu su rage ci ba, da kansu cinsu ya ragu da kalori wajen 270 a rana. Kwatanta da 54 din tsayuwar awa shida. Ogan da yake turo sako a WhatsApp karfe 11 na dare yana jiran amsa, ya sani ko bai sani ba yana cikin masu gina tumbin yaransa, gobe kuma shine zai tsaya a taro yana cewa lafiyar ma'aikata ce gaba da komai.

Kuma burin da mutane suke daukarwa kansu yayi girma. Kowa so yake ya koma jikinsa na shekara 20 cikin wata biyu, shiyasa masu shayin rage kiba da bel din daure ciki suke cin kasuwa, shayin nan da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sakawa, ruwa ne yake fita ba kitse ba, kwana biyu ya dawo. Babban gwajin rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito 2002 a kan mutum sama da 3,000 da suke gab da kamuwa, burin da aka basu shine rage kashi 7 na nauyinsu da motsin minti 150 a sati, kamuwa da ciwon ya ragu da kashi 58, wadanda aka ba kwayar metformin ta maganin ciwon suga kashi 31 suka samu. Kashi 7 ga mai kilo 90 kilo 6 ne da dan kari. Ba wanda zai tsayar dakai a hanya yace kai ka rame, amma hanta da zuciya sun san an sauke musu kaya. In ma awo kake so, tef din tela yafi sikeli fadin gaskiya, kugunka kar ya kai rabin tsayinka, mai tsayin santimita 170 ya tsaya kasa da 85.

Yanzu bari in dawo kan masu ba da aiki don sune na fara dasu. Kamfanoni da yawa sun gano akwai matsala, sai suka kirkiro shirin lafiyar ma'aikata, a kira mai lakca, a lika fosta a bango, a raba riga da hula, a yi gasar wa yafi rage kiba, a dauki hoto a saka a Facebook. An gwada irin wannan shirin gwaji na gaske. A jami'ar Illinois ma'aikata kusan 5,000 aka raba ta hanyar kuri'a, wasu aka basu shirin wasu ba'a basu ba, ba'a ga wani bambanci na azo a gani a kudin asibiti ko fashin aiki ba, kuma aka gano wadanda suke rububin shiga dama can sune masu lafiyar. Wani gwajin a kamfanin manyan kantuna na BJ's a Amurka mai ma'aikata wajen 33,000 da ya fito 2019 shima haka, mutane sunce sun kara motsa jiki amma awon nauyi da jini da suga bai canja ba bayan wata 18. Ni banyi mamaki ba. Ka tara mutane a daki ka zaunar dasu awa biyu kana musu bayanin illar zama, ka raba musu lemo da kek, sannan su koma kujerar da suka baro da tarin aikin da ya karu saboda lakcar. Me ka canja?

Japan su kuma ta wata hanya suka bi, tun 2008 doka ta sa ana auna kugun masu shekara 40 zuwa 74 duk shekara, maza santimita 85 mata 90, wanda ya wuce kuma yana da wasu alamun a tura shi shawarwari, hukumomin inshorar da basu cika sharadi ba su ji a aljihunsu. Na yaba da cewa sun dora wa wuraren aiki alhaki, amma gaskiya bana son ranar da wajen aiki zai rika rike awon cikina a fayil. Mai kiba dama yana shan tsokana a ofis, ana masa barkwancin da shi baya bashi dariya, wasu matan ma saboda kunyar idon mutane ne basa iya tashi su zagaya. Kunyata mutum baya sa shi ya rame, sai dai ya koma ci a boye.

Abin da nake ganin ya kamata a taba shine tsarin wunin kansa. A wani asibitin gwamnati a Leicester ta Ingila sun gwada a kan ma'aikatan ofis, suka basu tebur mai dagawa amma basu tsaya nan ba, suka hada da horo da tunatarwa da goyon bayan manya, bayan shekara guda zama ya ragu da sama da awa daya a rana kuma ma'aikatan suka ce gajiyarsu ta ragu aikinsu ya kara kyau. Goyon bayan manyan nan shine gishirin, don abin da yake daure karamin ma'aikaci a kujera tsoro ne, kar oga ya leko yaga babu kowa. In manaja da kansa yana mikewa a tsakiyar mitin, yana cewa muje mu karasa maganar nan muna tafiya, yana hawa bene a kafa, kowa zai samu lasisi. Mitin din awa daya a mayar dashi minti 50, ragowar goman a bar mutane su mike kafin na gaba, musamman masu jera Zoom tun safe har yamma. Lokacin cin abinci ya zama na gaske wanda ba'a saka mitin a cikinsa. Matattakala a share ta a saka mata fitila, don a gine gine da yawa lifta tana bakin kofa tana sheki ita kuma matattakala an boye ta a lungu an tara mata karyayyun kujeru. Duk wannan kusan ba kudi ake kashewa ba.

Nasan abin da za'a ce, ai aiki aka dauke ka ba tattaki ba, minti 5 duk rabin awa in ka tara ya haura awa guda a wuni, wa zai biya? Tambaya ce mai kyau kuma ban ce kowane waje zai iya wannan adadin ba. Amma duk wanda ya taba aikin ofis yasan ba mai yin awa 8 cur kwakwalwarsa na kan aiki, hutun ana yinsa dama, kawai a zaune ake yinsa da waya a hannu, don shi mai latsa waya a kujera kama yake da mai aiki, wanda ya mike kuma kama yake da mai zaman banza. Abin da nake nema a canja kenan, hutun da ake sata a zaune a halatta shi a tsaye. Wadanda nafi tausayi ma ba masu ofis da kofa bane, masu amsa kiran kwastoma ne da ake kirga musu har mintin shiga bandaki, da masu karbar kudi a kanta, da direbobin doguwar hanya, da masu aiki daga gida da aka dasa musu manhaja tana lura da ko linzamin kwamfuta yana motsi. Su wadannan ko sun haddace duk binciken duniya basu da ikon tashi. Haka wanda aka tsayar wuni guda a waje daya ba kujera shima ba gata aka masa ba, jijiyoyin kafa ne da ciwon baya suke jiransa, abin da jiki yake so shine sauyi.

Kafin a samu wannan gyaran, wanda yake da dan iko da lokacinsa ya yi amfani dashi. Ni ban cika yarda da kararrawar waya mai cewa tashi ka motsa ba, kwana uku zaka fara kashe ta baka ko duba ba. Yafi dorewa ka daura motsin a jikin abin da dole zai faru, duk kiran da ya shigo a tsaye zaka amsa kana taku, ruwa a karamin kofi don ka yi ta komawa, sakon da zaka tura wa na daki na kusa ka kai da kafarka, bayan cin abincin rana minti 10 na tafiya kafin ka zauna don lokacin ne suga yake hawa. Ledar kayan kwalama kuma a fitar da ita daga durowa, in sai ka sauka bene kafin ka samu rabin lokaci zaka fasa. Sannan kwana biyun nan na tsoka kar a raina su, tsugunno da mikewa da tura kasa a daki sun isa farawa, don mai rage ci ba tare da aikin tsoka ba harda tsokar yake zubarwa ba kitse kadai ba. Mai ciwon zuciya ko suga ko gwiwa ya fara jin ta bakin likitansa.

Kungiyoyin kwadago kuma ina ganin sun bar wannan fagen a banza. Ana zama teburin sulhu a kan albashi da alawus da fansho, amma ba kasafai zakaji an kawo maganar hutun mikewa ba, alhali fanshon ma sai mai rai da lafiya yake cinsa. Kuma ba bakon abu bane a doka, Tarayyar Turai tun 1990 ta wajabta wa masu ba da aiki su tsara aikin gaban allo yadda za'a rika katse shi da hutu ko canjin aiki lokaci lokaci, direban babbar mota kuma dole ya huta minti 45 bayan tukin awa 4 da rabi. Wancan an yi shi ne saboda ido da baya da kuma hadarin hanya, lokacin ba'a gama sanin abin da zama yake yi wa suga da jini ba. Yanzu an sani, saura a rubuta shi a takardar daukar aiki yadda karamin ma'aikaci zai mike ya zagaya ba tare da ya kirkiro karyar zuwa bandaki ba.